Tambaya: da me sabon shiga yake fara musayar gutsattsarin fayil a BitTorrent?

Ɗalibin Kwamfuta ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Na fahimci cewa a BitTorrent, tsarin musayar fayiloli ta intanet, ana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace kwamfuta tana karɓar gutsattsari daga takwarorinta tana kuma ba su nata, maimakon kowa ya dogara ga sabar guda. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an ce manhajar tana fifita waɗanda suke ba ta. To, wanda ya shigo yanzu hannu rabbana, da me zai fara? Sannan idan gutsure ya fito daga kwamfutar da ban san mai ita ba, me zai hana a turo mini gurɓatacce?

Malamin Sadarwa ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Gaskiya ne tsarin da Bram Cohen ya fitar a 2001 ya ginu a kan ba ni gishiri in ba ka manda. A ainihin ƙa'idarsa, kwamfuta tana aika wa takwarori huɗu ne kawai a lokaci guda, kuma duk bayan daƙiƙa 10 sai ta sake duba waɗanda suka fi aiko mata da sauri, ta buɗe musu ƙofa, ta rufe wa saura. Amma akwai gurbi ɗaya da ba a duba abin da mutum ya bayar kafin a saka shi a ciki, kuma yana zagayawa duk bayan daƙiƙa 30. An ninka wa sabon haɗi damar faɗawa wannan gurbi sau uku, domin ya samu gutsuren da zai shiga ciniki da shi. Ita ma mai buɗe ƙofar ba sadaka kaɗai take yi ba, domin ta haka take gano takwaran da ya fi waɗanda take hulɗa da su sauri. Ban da haka, masu riƙe da cikakken fayil ba sa neman komai daga kowa, saboda haka bayarwa kawai suke yi.

Mai Gyaran Manhaja ya amsa:

Malam ya gama da ta farko, ni zan taɓa ta biyu. Ƙaramin fayil ɗin torrent da kake fara buɗewa yana ɗauke da hatimin lissafi na kowane gutsure, wato gajeriyar lamba da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, wanda ake fitarwa da dabarar SHA-1, tsawonsa bait 20. Ba a roƙon gutsure a dunƙule. Ana roƙonsa ne yanki-yanki, kowanne kilobait 16, wato gutsure mai kilobait 256 yankuna 16 ke nan, kuma suna iya zuwa daga kwamfutoci daban-daban. Idan sun cika, manhaja ta lissafa hatiminsu ta gwada da na asali. In bai dace ba, ta zubar da gutsuren ta sake nema. Raunin wannan shi ne yanki ɗaya mara kyau yakan jawo asarar gutsuren gaba ɗaya, kuma ba nan take ake gane wanda ya aiko shi ba. Sigar BitTorrent ta biyu ta koma SHA-256, ta kuma jera hatiman a matsayin bishiya, yadda za a iya tantance kowane yanki shi kaɗai. Canjin ya zama dole, tunda a 2017 masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam sun samar da fayiloli biyu mabambanta masu hatimin SHA-1 iri ɗaya. Ka lura dai, hatimi yana tabbatar maka ne cewa ka karɓi abin da fayil ɗin torrent ya bayyana, ba wai abin yana da lafiya ba. Don haka in manhajar tafiyar da kwamfuta irin su Ubuntu ko Debian kake so, ɗauko fayil ɗin torrent daga shafinsu.

Wata Injiniya ta amsa:

Da izinin Malam, ina ganin ana zuzuta ƙarfin wannan sakayya fiye da kima. A 2006 masu bincike a jami'ar ETH ta Zurich sun rubuta manhaja mai suna BitThief, wadda take sauke fayil ba tare da ta aika ko yanki ɗaya ba, ta hanyar buɗe haɗi da takwarori masu yawa tana cin gurbin sababbin shiga da kyautar masu cikakken fayil. A ra'ayina, abin da ya fi raya fayil shi ne ƙa'idar fara neman gutsuren da ya fi ƙaranci a tsakanin takwarori. Kowace kwamfuta tana sanar da abin da ta mallaka, don haka saura sun san wanda ke hannun mutum ɗaya ko biyu, sai su yi gaggawar kwafe shi kafin mai shi ya kashe na'urarsa. Sabon shiga ne kawai aka ɗauke wa wannan: gutsurensa na farko ba a zaɓa, kowanne ya faɗo shi ake ɗauka, domin mai ƙaranci yakan ɗauki lokaci, shi kuwa buƙatarsa ya samu abin bayarwa da wuri. Idan kuma ka ga saukewa ta tsaya cak a kashi 99 cikin 100, sau da yawa dalilin shi ne masu cikakken fayil sun tafi, kuma gutsuren da ya rage babu shi a hannun ko ɗaya daga cikin waɗanda ke kan layi.