Neman kalma: me za a kira "sitires homon" na tsirrai?

Mai_Shiri: Salam jama'a. Gobe da safe zan naɗi shirin noma a rediyo kuma na maƙale, sinadaran nan da shuka ke fitarwa in ta shiga wuya, fari ko zafi ko gishiri a ƙasa, har ta zubar da 'ya'ya tun ba su nuna ba. Na rubuta "sinadarin damuwa" amma bai kwanta min ba.

Malamar_Bayoloji: Damuwa ai ta zuciya ce. Ki sa ƙunci ko matsi. Kuma ba ɗaya ba ne fa, akwai ABA, wato gajeren sunan "abscisic acid", wanda in ƙasa ta bushe yake sa 'yan ƙofofin ganye su rufe don kar ruwa ya tsere, to ta nan ɗin iskar kabon ke shiga, shi ya sa haɗa abinci da hasken rana ke ja baya sukari ya yi ƙaranci. Sai kuma etilin, shi iska ne ma.

Tsohon_Alƙalami: Ɗan aike! Saiwa ta aika, ganye ya ji ya rufe ƙofa. "Ɗan aiken ƙunci", an gama.

Manomin_Lambu: ni dai a ce ma ABA ɗin "makaɗi" tunda shi ke kaɗe 'ya'ya

Malamar_Bayoloji: A'a Malam, kuskuren da Turawan suka yi ke nan. A 1963 aka ciro shi daga ƙananan 'ya'yan auduga aka raɗa masa suna mai nufin zubarwa, daga baya aka gane etilin ne babban mai laifin. Ɗan itace mai lafiya yana tura wani homon mai suna ogzin ta hannun da yake maƙale, muddin yana turawa wurin ba ya jin etilin. In abinci ya gaza sai ogzin ya ragu, etilin ya samu dama ya sa ɗankon da ke riƙe ƙwayoyin halittar wurin ya narke, iska kaɗan sai ka ji tim.

Tsohon_Alƙalami: Kun gani? Duk aike ne. Amma 'yan bokon yanzu sai etilin sai ogzin sai homon, kamar harshen ba shi da uwa.

Ɗan_Jami'a: Ranka ya daɗe ita kimiyya da rediyo ɗin daga ina muka samo su? Ɗalibi ya rubuta ɗan aike a jarrabawa mu ga maki nawa zai ci 😂

Tsohon_Alƙalami: Yaro tun ba a haife ka ba nake fassara. Ba don jarrabawarku ake shirin ba, don manomi ake yi.

Ɗan_Jami'a: Allah ya huci zuciyarka Baba, amma shekaru ba hujja ba ne, kuma in aka zo jam'i me za a ce, 'yan aiken ƙunci? kamar sunan ƙungiyar 'yan daba

Mai_Shiri: Don Allah a yi haƙuri dare ya yi. Zan ce "homon na ƙunci", karon farko in bayyana cewa kamar ɗan aike ne a jikin shuka, etilin da ABA in bar su da sunansu. Makaɗi na ajiye shi.

Tsohon_Alƙalami: Kamar ɗan aike, ba ɗan aike ba. To shi ke nan, shirinki ne 'yata.

Manomin_Lambu: to shi haɗa abinci da hasken ranan fa, haka za a bar shi da tsawonsa?