Me za mu kira girgizar da ke biyo bayan babbar girgizar ƙasa?

Mai fassarar labarai: Salamu alaikum, jama'ar Damagaram. Kalma ɗaya ce ta hana ni sakat. Duk lokacin da aka yi girgizar ƙasa, labarin Faransanci na zuwa da "replik", wato girgizar da ke biyo bayan babbar. Tun girgizar Maroko ta 8 ga Satumba 2023 nake kame-kame, yau in ce "ƙananan girgiza", gobe in ce "wata girgizar kuma". Babu wadda ta zauna mini a baki. A taimaka da suna guda.

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. Ai Bafaranshe amsa yake nufi. Ka ce "amsa-kuwwa" ka huta.

Malamin lakwal: Ɗan Birni, kuwwa murya ce da dutse ya maido maka, ba ta rushe katanga. Wannan kuwa sabuwar girgiza ce mai zaman kanta. Can ƙarƙashin ƙasa akwai tsaga tsakanin manyan duwatsu masu matse juna. Ranar da wani sashe ya kuɓuce, nauyin da yake ɗauke da shi sai ya koma kan na kusa. Ku je kasuwar Dole ku dubi tarin buhunan gero: a zare ɗaya daga tsakiya, na sama su yi ta gocewa ɗaya bayan ɗaya har su sami mazauni. Ita ma "ƙarama" ban yarda da ita ba. A Turkiyya, ran 6 ga Fabrairu 2023, an yi mai maki 7.8 a ma'aunin ƙarfin girgiza da asuba, bayan kamar awa 9 aka sake yin mai 7.5. Masana sun yi ta muhawara ko ta biyun mai biyo baya ce ko dabam take, don a wata tsagar ta auku. Ko ma wacce ce, wa zai ce mata ƙarama?

Ɗan Birni: To "mabiyiya".

Ungozoma: Haba ɗana! Mabiyiya ai tamu ce, ita muke jira ta faɗo bayan jariri. Ka ce a rediyo mabiyiya ta kashe mutane a Turkiyya, ka ga yadda mata za su riƙe baki.

Ɗan Birni: Tuba nake, Inna. Na janye.

'Yar Zengu: Ni kuwa "rakiya" ce ta zo mini. Babbar baƙuwa ta tashi, sai 'yan rakiya su biyo ta.

Malamin lakwal: Ƙanwata, tsaya, kin taɓo wani abu. Ku tuna yadda ake raka baƙo a gidajenmu. A tsakar gida kowa ya miƙe. A zaure rabi sun koma. A bakin lungu saura uku. Wanda zai kai shi tasha mutum ɗaya ne. Haka waɗannan girgizar suke. Wani masani ɗan Japan, Fusakichi Omori, ya bayyana hakan tun 1894: ranar farko suna zuwa jere-jere, a rana ta 10 sun ragu zuwa kamar kashi ɗaya cikin goma na ranar farko, daga nan su yi ta jan ƙafa watanni, wani lokaci har shekaru. Kalmar ta ɗauko ilimin da kanta, ba sai na yi zane a allo ba.

Mai fassarar labarai: Mushe, ta yi mini daɗi, amma ga inda nake tsoro. Yau in aka ce "ɗan rakiya ne", a zaɓe ko a ƙwallo, ana nufin wanda bai da tasiri. Kada mai sauraro ya ji ya ce ba komai ba ne.

Magini: Gaskiyarka. Mu da muke aikin ƙasa mun san katanga ba ta cika faɗuwa ranar ruwan ba. Bara na duba wata a Birni, tsagar ba ta wuce in sa yatsa ba. Na ce a kwashe yara daga ɗakin. Kwana uku, ɗan yayyafi kawai aka yi ta kwanta. Ginin da babbar ta tsaga, ɗan girgiza kaɗan ya ishe shi.

Malamin lakwal: Haka ne. Yawansu ne ke raguwa, ƙarfinsu bai yi wa kowa alkawari ba. Mako 2 bayan ta Turkiyya, ran 20 ga Fabrairu, an yi wata da ta haura maki 6 a Hatay, ta kayar da gine-ginen da suka riga suka tsage, an kuma rasa rayuka. Sai mu cire "ɗan" da "'yar", don su ne masu rainin. Mu ce "girgizar rakiya".

'Yar Zengu: Wadda ke zuwa kafin babbar fa? Zagi, kamar masu tafiya gaban dokin Sarki ranar hawan Sallah?

Malamin lakwal: A baki ya yi, a rubuce za a ɗauka ashar ake nufi. Kuma in ka ga zagi ka san Sarki na tafe. Ita wannan ba a gane ta sai bayan babbar ta zo. A Japan an yi mai maki sama da 7 ran 9 ga Maris 2011, aka ɗauka ita ce uwar, sai ran 11 ga wata mai maki 9 ta zo da ambaliyar teku. A ajiye wannan zuwa wani zaman.

Mai fassarar labarai: To na ɗauka. Zan rubuta haka: "An samu girgizar rakiya da dama bayan babbar, hukuma ta ce kada kowa ya koma ginin da ya tsage." Inna, ya ya faɗa a kunne?

Ungozoma: Na gane ba tare da an yi mini bayani ba, ɗana. Ka dai riƙa haɗawa da maganar ginin nan kullum.