Neman kalma: me za mu kira gyaran da mutum ke yi wa motarsa da kayan wutarsa da kansa?

'Yar Sabon Gari: Assalamu alaikum malamaina. An ba ni sabon shiri a gidan rediyonmu nan Gusau, ranar Asabar da safe zai fara fita, kuma gobe Alhamis kafin la'asar ake son sunansa da rubutun kashi na farko. Shirin na ƙananan gyare-gyare ne da ba sai an kira mai gyara ba: wanke fulogin janareta, goge kan batirin mota, canja wa dutsen guga waya, irin waɗannan dai. A takardar da aka miƙo mini DIY aka rubuta, wato do it yourself. Na sa "yi da kanka", amma ya ƙi zama a jimla. Suna nake nema wanda za a iya cewa "masu kaza" ko "kayan kaza". A agaza.

Maman Ihsan: Wa alaikumus salam. Gyaran kai mana.

Ɗan Argungu: Maman Ihsan, in ta sanar da shirin gyaran kai, masu kitso ne za su cika mata layi da kira.

Maman Ihsan: To gyaran gida.

'Yar Sabon Gari: Anti, gyaran gida ai fenti ne da daɓe in biki ya matso. Mota kuma ba ta shiga ciki ba.

Rewaya Tudun Wada: Ɗiyata ki ce kanikancin gida, ki huta. Kowa ya san bakanike, kowa ya san gida. Mi ad da wuya ciki?

Malam Mai Alli: Na ga wannan tambaya a kan lokaci. Na daɗe da ƙirƙiro mata kalma, ɗalibaina ma sun san ta: KANKANCI. Daga "kanka" sai a liƙa ɗafin -nci, kamar yadda muka samu dukanci da sauran sunayen sana'a irinsa. Ku dubi kyanta: kanikanci aikin bakanike ne, kankanci kuwa aikin da ka yi da kanka. Harafi ɗaya ya raba su. Mai yin sa bakanke, jam'i kankawa. Ga suna, ga mai aiki, ga jam'i, duk abin da kika nema.

Ɗan Argungu: Allah ya gafarta Malam, rabin masu rubutu a waya ba su sa lanƙwasa. Ranar da aka rubuta "ku kasance da mu a shirin kankanci", ƙanƙanci za a karanta. Wa zai kunna rediyo da sassafe a ƙanƙanta shi?

Malam Mai Alli: Laifin mai rubutu ne wannan, ba na kalma ba. A baki ai k daban, ƙ daban, kuma shirin na rediyo ne.

Maman Ihsan: Ni tambayata ɗaya ce Malam. Ni ce nake canja wa dutsen gugarmu waya, ni nake kwance fanka in wanke. Da kaina nake yi, in za ka faɗa mini kuma "da kanki" za ka ce. To nawa kankinci ne?

Malam Mai Alli: Hajiya, in kalma ta daskare ta zama suna ba a sake tambayarta jinsi. Mace ma tana cin "ci-da-ƙarfi", ba a canja mata.

Maman Ihsan: Wannan ba "ka" a cikinsa ai.

Ɗan Kamba: Mu nan bakin iyaka, in ka tsallaka Gaya ta Nijar za ka ji masu boko na cewa birikolaj, daga Faransanci. Ba ina cewa a ɗauka ba. Amma abin lura, abin da kuke kira fulogi su buji suke cewa, sifana kuma kile. Hausa ɗaya, mota ɗaya, kowa da bakin Baturen da ya kawo masa ita. Don haka ni ban ga abin kunya ba in ta ce di-ai-wai ta wuce.

Baban Ƙaura: A'a, nan kam ban yarda ba. Wannan ita ce cutar da ke cin harshen nan. Kanikanci ma da kuke ta juyawa Turanci ne aka sa wa hula. Sifana, filaya, sukudireba, lagireto, shokozoba, ina Hausa a nan? Muna da gyartai tun kaka da kakanni, mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Me zai hana a ce gyartanci? Sifana a ce mawarwari, filaya a ce awartaki, tunda maƙeranmu da shi suke kama ƙarfe tun kafin mota ta zo ƙasar nan.

Rewaya Tudun Wada: Baba, ranka shi daɗe, taho gareji ka ce ma yaro shi miƙo maka mawarwari mai lamba goma, mu gani in ba tsaye za shi yi shina kallonka ba. Kuma awartaki daban filaya daban. Gyartai kau kayan wasu shika gyara a biya shi. Wanga da aka magana, kayanka na kaka gyara don kar ka biya.

Baban Ƙaura: Da haka ake bari har a wayi gari jikokinmu ba su san sunan komai ba sai na aro.

Malam Mai Alli: Baba yana da gaskiya a manufa, amma aro ba cuta ba ce. Littafi da alƙalami da makarantar allon da muka yi, duk akwai Larabci a ciki. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma bai kori kalmomin aro ba. Shi ya sa na gina tawa a kan asalin Hausa tsantsa, wadda kuma ta dace da daidaitacciyar Hausa. Ina kuma roƙon Malam Rewaya ya riƙa rubuta mana yadda kowa zai gane.

Rewaya Tudun Wada: Daidaitacciyar wa? Kananci dai ka ce. Shirin ga Gusau za a yi shi, masu saurare na Maru da Bunguɗu da Talatar Mafara. Mu hwanka muka cewa, kuma tana juyawa daidai.

Ɗan Argungu: Faɗa musu dai. Kanta, Sarkin Kabi, ya gina ganuwar Surame tun ƙarni na 16, ba mu jira wani ya aiko mana da sunan dutse daga gabas ba.

Malam Mai Alli: Ba wanda ya raina karin harshen yamma. Shi Bargery ɗin ma ya shigar da kalmomin Sakkwato da na Katsina, ya yi musu alama. Amma rubutu yana son ma'auni ɗaya, shi ya sa aka kafa Hukumar Hausa a 1955. Ni ma ɗan jihar nan ne, ba Bakano ba.

Ɗan Argungu: To ai shi ya fi ciwo.

'Yar Sabon Gari: Don Allah iyayena, gobe ne fa. Kanta ba zai miƙa mini rubutu ba.

Injiniya a Birnin Kebbi: Ƙanwata, ina ganin dalilin da kalmar ta ƙi samuwa shi ne abin bai taɓa zama daban a wurinmu ba. A Amurka da Ingila kalmar ta yaɗu ne a shekarun 1950, inda kuɗin hannun mai gyara ke da tsada, mutum ya sayi kayan aiki ya mai da abin sha'awar ranar hutu. Mu a nan kayan gyaran ne ke cin kuɗi, ba hannun ba, kuma wanda ya kwance fulogin janaretansa da daddare ba sha'awa ta sa shi ba, zafi ne. Ba ma ce masa mai kaza, cewa muke yana da dabara, ko hannunsa na da kyau. Ni abin da ya fi damuna ba sunan ba ne, iyakarsa ce. Duk sunan da kika sa, kar ya sa mai saurare ya ji komai na taɓawa ne. Batirin mota bolt 12 ne, wutar gida 230. Tsohuwar talabijin mai ƙeya da na'urar ɗumama abinci suna riƙe wuta a cikinsu ko an zare su daga soket, ba a buɗe su. Gas ɗin firji da kwamfiresonsa ma na mai gyara ne. Abin da mai gida zai yi wa firji shi ne in wuta ta ɗauke ta dawo nan take, ya ba shi kamar minti 5 kafin ya mayar.

Rewaya Tudun Wada: Yauwa, yanzu anka zo ga magana. Ɗiyata rubuta wanga. In za a cire batir, a kashe mota, a hwara cire kan da ad da alamar ragi, shi kuma za a maida ƙarshe. Dalili, jikin mota duk da shi aka haɗe. In ka hwara da mai alamar tarawa sifana ta taɓa bodi, wuta za ta tashi hannunka. Hwarin garin da ka taruwa bisa kan batir, ruwan kanwa na wanke shi, sai a goge a ɗaure da kyau. Rabin motocin da aka kawo muna da sahe wai sun ƙi tashi, wanga ɗai na. Ba a buɗe murhin lagireto mota na da zahi. Ba a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita.

Maman Ihsan: Ki sa da na fanka. In ta rage gudu ko sai an tura ta da sanda kafin ta tashi, yawanci ɗan abin nan ne da ke saman ta. A kashe wuta daga babban makunni, a ciro shi, a je kasuwa da shi a sayo mai lamba iri ɗaya, galibi 2 ko 2.5 ne a jikinsa. Kuma janareta a waje ake ajiye shi. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari, mutane barci kawai suke yi.

'Yar Sabon Gari: Allah ya saka. To shi "ɗan abin nan" fa? Shi ma yana cikin rubutuna.

Injiniya a Birnin Kebbi: Kafasito.

Rewaya Tudun Wada: Kwandansa.

Malam Mai Alli: Ma'ajin wuta. Tunda aikinsa ke nan, ya tara ya saki.

Ɗan Kamba: Batir ma ma'ajin wuta ne ai. Ka tura mutum kasuwa da wannan sunan, da batir zai dawo.

Baban Ƙaura: Ni dai ban fasa ba kan maganar aro. Amma tunda yarinyar nan lokaci ya ƙure mata, ga abin da Hausa ta riga ta tanada: Gyara Kayanka. Kowa ya san ƙarashen karin maganar, ba sai an koya wa kowa ba, kuma babu harafin Bature ko ɗaya a ciki.

Maman Ihsan: Wannan ko da "ka" a ciki na yafe, tunda haka muka gaje shi.

Ɗan Argungu: Sai dai wasu za su zaci shirin nasiha ne.

Injiniya a Birnin Kebbi: Ta sa ƙarar janareta da ta sifana a kiɗan buɗe shiri, za su gane.

Malam Mai Alli: Sunan shiri ne wannan, ba fassarar kalma ba. Ta ce tana son abin da za a ce "masu kaza". Za ku ce masu gyara kayanka? Tambayar tana nan ba a amsa ba. Kankanci ce kaɗai ta amsa ta.

'Yar Sabon Gari: Gaskiya ne Malam, ba a amsa ba. Ga abin da zan miƙa: sunan shiri Gyara Kayanka. A cikin magana zan ce "gyaran da za ka iya da kanka", in juya "da kanki" inda ya kama. Masu yin sa zan ce masu dabarar gyara. Zan ware minti biyu a ƙarshe mai suna "Wannan Sai Mai Gyara" saboda maganar Injiniya. Sifana da fulogi da lagireto suna nan yadda suke, Baba ka yi haƙuri. Na fanka zan ce kafasito, in ƙara da cewa wasu na kiran sa kwandansa. Fanka zan rubuta, amma in hwanka ta fito a bakina ba zan sake ɗauka ba.

Baban Ƙaura: Ko awartakin dai ki sa sau ɗaya.

Malam Mai Alli: Allah ya ba da sa'a. Ni a ajina kankanci zan ci gaba da koyarwa, nan da shekara goma ma gani.

Rewaya Tudun Wada: Ɗiyata, ki ƙara cikin na "sai mai gyara": in fis ɗin mota ya ƙone a sa mai lamba irin tashi, kar a naɗa mai waya. In sabon ya sake ƙonewa, akwai inda waya ta goge tana taɓa bodi, a kawo muna ita.