Ruwan farko da renon 'ya'ya a cikin waƙar yabo: ya dace?

'Yar Zumunta:
Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Zumuntar mata ta ikilisiyarmu a nan Sakkwato ta ɗora mini nauyin tsara sabuwar waƙa domin bikin godiya na kaka, kuma abin da yake ta zuwa mini a rai shi ne saukar ruwan farko bayan zafin bazara, da ɗawainiyar da uwa take sha kafin ɗanta ya zama mutum. Shin ya dace a sa waɗannan a waƙar sujada, ko kuwa dole ne a tsaya kan ayoyi kawai?

Dattijon Ikilisiya:
'Yata, ayoyin ne ma suka fara bin wannan hanya. Zabura ta 65 ta yi maganar kunyoyin gona da ruwa ya jiƙa har ƙasa ta yi taushi, ta 128 kuma ta kamanta 'ya'ya da dashen zaitun kewaye da teburin mahaifinsu. Manyan waƙoƙin ƙasashen waje ma haka aka samo su. Carl Boberg, mutumin Suwidin, ya rubuta tasa a 1885 bayan hadari da tsawa sun tarar da shi a hanya sannan gari ya lafa, Horatio Spafford na Amurka kuwa ya rubuta tasa ne bayan 'ya'yansa mata huɗu sun rasu a hatsarin jirgin ruwa a 1873. Kowannensu abin da ya same shi ya rera, saboda haka ban ga dalilin da zai sa mu riƙa waƙar dusar ƙanƙara ba, alhali ga gero ya nuna a gonakinmu, ga shinkafa a fadamar Rima.

Shugaban Mawaƙa:
Na yarda da Baba, amma ina roƙonki, 'yar'uwa, ki kusanci abin sosai. Kowa yana iya cewa Allah ya ba da ruwa, sai dai wanda ya kwana a tsakar gida a watan Afrilu, tabarma tana ƙuna har tsakar dare, shi ne ya san ƙamshin ƙasa idan yayyafi ya sauka. Ki dubi gawo, wanda yake zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani lokacin da dabbobi ba su da abin ci. A ganina baiti guda a kansa ya isa wa'azi kan tanadin Ubangiji. Sannan ki fara da kalmomin, ki bar karin ya biyo su, domin idan aka cusa Hausa cikin karin da aka aro, hawa da saukar murya sukan karkace har ma'ana ta ɓace. Ki gwada ta da tulu da shantu tun kafin a kai ta gaban piyano.

Matar Fasto:
Ƙanwata, a kan batun iyali ne nake so ki yi hattara. Waƙar taro ba wurin tona asirin gida ba ce, kuma a cikin masu amshi akwai gwauraye, akwai wadda ta daɗe tana jiran haihuwa, akwai wadda ta binne ɗanta a wannan daminar. Idan baiti ɗaya ya gode saboda 'ya'ya, to na gaba ya tuna da Hannatu ta Littafi Mai Tsarki da kukanta na neman haihuwa a Shilo, amshin kuma ya koma ga Mai bayarwa. Ki kawo mana ita ranar zumunta mu ji tare kafin a koya wa sauran mata.