Tsuntsun da ya ja ruwa: ta hau kan Adam Goodes kuwa?

Ɗan Birni: Jama'a ku raba mu gardama. Jiya a majalisa muka shiga hirar Adam Goodes, ɗan ƙwallon Ostireliya, irin tasu mai siffar ƙwai da ake kamawa da hannu a buga da ƙafa. Ba'aborijine ne, cikin 'yan asalin ƙasar. Wasa 372 ya buga wa Sydney Swans, ya ɗauki lambar Brownlow, ta gwarzon ɗan wasan shekara, a 2003 da 2006. A watan Mayun 2013, ana wasa da Collingwood, wata yarinya 'yar shekara 13 ta kira shi goggon biri. Ya tsaya ya nuna ta, masu tsaro suka fitar da ita. Daga baya 'yan kallo suka dinga yi masa ihu fili bayan fili, har ya ajiye ƙwallo a 2015. Abokina ya ce wai "tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka". Ni ban yarda ba.

Baba Malami: Yaro, abokinka ya ɗora wa maganar kayan da ba nata ba. Ana faɗinta ne ga wanda ya tono fitina da hannunsa, ta dawo kansa. Shi wannan zagin sa aka yi. Hadarin ya riga ya haɗu tun kafin a haife shi, don mahaifiyarsa ma tana cikin yaran da gwamnati ta raba da iyayensu.

Na Tasha: Allah gafarta Malam, da sauran magana. Kaka ta kan faɗe ta ko ba laifi, ga duk wanda ya fara buɗe baki a kan abin da kowa ya yi shiru. Ba zargi ba ne, gargaɗi ne. Shi ya tayar da zancen, shi ya jiƙe.

Baba Malami: To ai gargaɗin ma cewa yake "da ka yi shiru". Ka yarda da ya yi shiru?

Na Tasha: A'a fa. Amma yarinya ce ƙarama, gaban dubban mutane.

Uwar Biyu: Ɗan'uwa, washegari shi da kansa ya fito ya ce kada a ɗora wa yarinyar laifi, a taimaka mata, don abin da ta ji manya na faɗa ta maimaita. Kuma ihun bai yi tsanani ba sai bayan an ba shi Gwarzon Ostireliya na 2014 yana magana kan wariya, ya kuma yi rawar yaƙi ta 'yan asali a wasa da Carlton a 2015. Ni "gaskiya ɗaci gare ta" zan ce. Wani abin dariya, alƙalan wasa ne ke zaɓen Brownlow, kuma sai mai tsabtar wasa ake ba, ga shi wanda ake wa ihun sau biyu ya ɗauke ta.

Ɗan Birni: Hukumar gasar ƙwallon, wato AFL, da ƙungiyoyinta 18 sun ba shi haƙuri a 2019.

Uwar Biyu: Ihu bayan hari. Shekara huɗu! Da suka so sa shi a zauren karrama gwarzayen ƙwallon a 2021, ƙi ya yi.

Na Tasha: Hajiya, ihun kam tun lokacin harin suka yi shi, shi ne ma harin.

Baba Malami: Wannan na ba ka. Amma tsuntsun nan ban sakar maka ba.