Firiyampili mai kwalba da ampilin sinima a falo ɗaya

Baban Hajara: Salamu alaikum ƴan zaure. Ƙanena ya aiko mini da firiyampili (na'urar da ke zaɓar sauti da daidaita ƙarfinsa kafin ya shiga babban ampili) mai kwalba, wato bututun gilashi mai ƙara sauti irin na tsoffin rediyo, samfurin 12AU7 guda biyu ne a cikinsa. A falo ina da ampilin sinima Denon mai sifika biyar, ga kuma babban ampili ajiye. So nake in ji kiɗa ta kwalba, yara su ci gaba da kallonsu, duka da sifikun gaba. Zai yiwu ba sai ana cire waya kullum ba?

Mai gyara na Sabon Gari: Wa alaikumus salam Alhaji. Juya Denon ɗin tukuna. Akwai ramuka biyu na Front, wato na sifikun gaba, da aka rubuta Pre Out a kansu, masu fitar da sauti zuwa wani ampili? Ƙananan da yawa ba su zuwa da su, in babu kuwa zance ya ƙare.

Baban Hajara: Akwai, fari da ja.

Mai gyara na Sabon Gari: Madalla. Daga nan waya ta shiga firiyampili, daga shi zuwa babban ampili, sannan sifikun gaba. Na tsakiya da na baya ka bar su a kan Denon. Abin kiɗa kuma kai tsaye cikin firiyampili. Duba ko yana da rami mai suna HT Bypass. In yana da shi, sautin fim zai wuce bai bi ta bolim ɗinsa ba, telekomandin Denon kaɗai ke mulki.

Baban Hajara: Ban gan shi ba fa.

Ɗan Bagalam: Baba ba matsala, nawa ma haka yake. Ku murɗa bolim ɗin firiyampili ya tsaya tsakiya, ku manna ɗan salatif a wurin, sannan ku kunna Audyssey, tsarin daidaita sauti da ke cikin Denon, da makirfon da ya zo cikin kwali ya auna ɗakin. Duk ranar fim a mayar da shi kan alamar. Amma ku riƙa saukar da shi kafin ku koma kiɗa, in ba haka ba har maƙwabta sai sun fito.

Malam na Zariya: Ni wannan dabarar ba ta kwanta mini ba. Gidan da tele ke kunne tun safe har sha biyun dare? Ƙananan kwalabe kan yi awa 5,000 zuwa 10,000 ne, a ƙone su a kan zanen yara? Kuma in sun ƙone, sayen sababbi sai an aika Kano, can ɗin ma ba kowane shago ba. Sayi ɗan akwatin sauya layi na RCA, wato mai ramukan nan fari da ja, ka sa gaban babban ampili: gefe ɗaya Denon, ɗaya firiyampili. Ranar kallo kwalba tana hutawa.

Mai gyara na Sabon Gari: Malam ya faɗi gaskiya. Sai dai a kashe babban ampili kafin a sauya. Wajen kunnawa ma shi ne na ƙarshe, bayan kwalba ta yi minti ɗaya tana ɗumi. Wajen kashewa shi ne na farko. In aka saɓa za ka ji "bum" a sifika. Alhaji, daga wace ƙasa kayan ya fito?

Baban Hajara: Amurka.

Mai gyara na Sabon Gari: Kar ka jona! Karanta bayansa. Can wutarsu volt 120 ce, tamu 230. In 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai sauke wuta. Regilata ma dole ne, ka san yadda kuran ke hawa da sauka lokacin zafi. Kada a kulle firiyampilin cikin kabad a watan Afirilu, kuma yaro kar ya buɗe murfin, wuta na zama a ciki ko an zare shi daga bango.

Ɗan Bagalam: In kun ji gurnani ƙasa-ƙasa bayan haɗawa, ku fara zare wayar faranti daga dikoda. Sau da yawa daga nan yake.

Baban Hajara: 120 ɗin ne kuwa. Gobe bayan la'asar zan kawo shi shago.