Mai neman keken guragu a waya, ta ina zai same mu?

Mai walda, Dambatta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Na daɗe ina ƙera keken guragu da sandunan dogarawa, ni kaina a kan keken nake tun da cutar shan inna ta kama ni ina yaro. Ranar Lahadi wani dattijo ya ci kasuwa, ya biyo ta rumfata, ya tsaya ya riƙe baki. Wai har Kano ya je ya sayo wa jikarsa keke, ya biya kuɗin mota da na dako, saboda ɗansa ya duba a waya bai ga kowa a kusa ba. Alhali ƙauyensu ga shi nan a bayanmu. Yaya ake shiga wayar nan ne?

Mai shagon caji, Kazaure: Wa alaikumus salam Baba. Google Business Profile za a buɗe maka, wato shafin sana'arka da zai riƙa fitowa in an nema a Google, kuma kyauta ne, ko sisi kada ka ba kowa. Abu uku Google ke dubawa kafin ya nuna wuri: ko ya dace da abin da aka rubuta, ko yana kusa da mai nema, da kuma yadda aka san shi. Kusanci dai ka riga ka cinye 'yan Kano. Don su tabbatar shagon naka ne, galibi za su ce a ɗauki bidiyo a tashi ɗaya ba yankewa, a nuna allon shago, da titi, da injin walda, da kai kana buɗe ƙofa. Don haka a fara rubuta allo, sunan da ke jikinsa shi za a saka.

Mai walda, Dambatta: To ai layinmu ba shi da suna, ɗana. "Bayan masu kaji" muke cewa.

Mai shagon caji, Kazaure: Ba matsala. Ka zauna a bakin rumfar, a buɗe Google Maps, a taɓa shuɗin ɗigon nan, zai ba da Plus Code, 'yan haruffa da lambobi. Shi ne adireshinka. "Bayan masu kaji" ma a rubuta shi a bayani, ɗan acaɓa da shi yake aiki.

Wata uwa, Gwaram: Don Allah ku kula da ɗigon nan. Bara na goyo yarona mai shekara 9, ba ya tafiya, muka nufi wata cibiyar gashin ƙashi da na gani a waya. Taswira ta sauke mu a tsakiyar gonar gero. Lambar da suka saka a kashe. Rana ta take, bayana kamar zai ɓalle, sai wani mai rake ya ce ai sun tashi tuntuni. Na zauna a gindin darbejiya na yi kukana na ƙoshi. Wanda ya tashi ya gyara, wanda ba ya buɗewa ran Juma'a ya rubuta.

Malamar kurame, Ringim: Sannu 'yar uwa, Allah Ya ba yaro lafiya. Ni tambayata kan kalmomi ce. A takarda "masu buƙata ta musamman" muke rubutawa, shi ne mutuntawa. Amma wace uwa ce za ta rubuta haka a waya? "Makarantar kurame" za ta rubuta, ko "keken guragu", ba ma ƙugiya a haruffan. Shi ya sa iyaye makarantar Tudun Maliki ta Kano kawai suka sani, da Asibitin Kashi na Dala in maganar ƙafar roba ce. Ni na saka duka biyun a bayanin ajinmu, da Hausa da Turanci. Kuma ku saka lambar WhatsApp, kurma ba kira zai yi ba.

Sakataren ƙungiya, Wudil: Malama kin yi daidai, amma a bayani kawai, kada a cusa su cikin suna, suna iya dakatar da shafin. Sannan akwai gurbin da ake nuna ko keke na shiga ƙofa. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba da shekara 5 a gyara gine-gine, wa'adin ya wuce, matakala na nan daram. Baba, in taka ƙofar haka take, kada ka ce keke na shiga.

Makaho mai koyar da waya, Wudil: Nawa ƙorafin ɗaya ne. Ku daina saka lambar waya a cikin hoton fosta kaɗai. TalkBack, muryar nan da ke karanta wa makafi waya, rubutu yake karanta mana tiryan-tiryan, hoto kuwa sai sa'a. Ku rubuta ta a fili.

Malamar kurame, Ringim: Hoton yara ma a nemi izinin iyaye. Baba, kai kekunan za ka ɗauka, sabon fenti, da hasken safe.

Mai shagon caji, Kazaure: Saura ra'ayin jama'a. Duk wanda ya karɓi keke ya ji daɗinsa, a roƙe shi ya rubuta layi biyu da Hausa, ba da saye ba, Google ya hana. In kuma wani ya kira ya ce daga Google yake, a karanto masa lambar da ta shigo waya, a kashe kawai.

Mai walda, Dambatta: Allah Ya yi muku albarka. Yau zan kira mai fenti.

Mai shagon caji, Kazaure: Lahadi ina shigowa sarin caja, bayan Azahar zan biyo mu ɗauki bidiyon. A share gaban rumfa, Baba, a jera kekuna uku.